An Nemi In Riƙe Bindiga A Cikin Aji, Ku Ba Ni Shawara

Malamin Lissafi (Texas):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan wata magana ta hana ni barci, na ga gara in kawo ta gaban manya. Kun san ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a ƙauye, can yammacin Texas. Tun 2023 majalisar dokokin jihar ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ajiye mai tsaro ɗauke da makami a lokacin karatu. Gundumomi masu hali sun ɗauki 'yan sanda. Irin tamu da ba ta da ƙarfi, dokar ta bar mata ƙofa: ta zaɓi wasu cikin ma'aikatanta, a horar da su, su riƙa zuwa aiki da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafi. Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ce ya lura ina da natsuwa, ko zan yarda a sa sunana. Ya ba ni mako biyu. Uwargida ta ce sam ba da ita ba. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu, domin daga ofishin 'yan sanda mafi kusa zuwa ƙofarmu tafiyar minti 25 ce a mota, kuma ɗana na fari a makarantar yake. Don Allah wanda ya san wani abu ya faɗa.

Direban Tirela (Ohio):
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai kai tsaye zan ce maka ka karɓa. Kai da bakinka ka ce minti 25. Irin wannan ɓarna cikin 'yan mintuna ake gama ta, kafin jiniya ta iso sai dai a zo a ƙirga gawa. A 1997 a garin Pearl na jihar Mississippi, wani yaro ya harbe ɗalibai biyu a makaranta. Mataimakin shugaban makarantar, Joel Myrick, ya ruga motarsa ya ɗauko bindigarsa, ya tare yaron yana ƙoƙarin gudu, ya tsare shi har 'yan sanda suka zo. Da bindigar a ƙugunsa take ba a mota ba fa? Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Banki ana gadinsa da bindiga, gwamna ana gadinsa da bindiga, sai 'ya'yanmu ne za a bar wa allon sanarwa cewa ba a shiga da makami?

Anti Nas (Tennessee):
Malam, Allah ya ba ka mafita. Ɗan'uwa Direba, ka kawo Pearl, to ni ma bari in kawo Uvalde, da yake a jihar Malam take. Ranar 24 ga Mayu, 2022, wani yaro matashi ya shiga makarantar firamare ta Robb yana harbi, jami'an tsaro 376 suka taru a wurin da sulke da manyan bindigogi. Minti 77 suka yi kafin su kutsa ajin. Yara 19 da malamai biyu suka rasu. Mutanen da aikinsu ke nan, aka horar da su shekara da shekaru, sun ja da baya saboda sun san irin bindigar da yaron ke riƙe da ita. Sai Malam da 'yar fistol ɗinsa ake so ya yi abin da suka kasa?

Direban Tirela (Ohio):
Anti ai kin kawo mini hujja ne. Su 376 a wajen ajin suke tsaye. Wa ke cikin ajin? Malamai. Irma Garcia da Eva Mireles da jikinsu suka kare yara don ba su da komai a hannu. Wanda ke waje yana da zaɓin ya jira. Wanda ke ciki ba shi da shi.

Tsohon Soja (Kaduna):
Ku yi haƙuri in sa baki, ko da yake ban taɓa zuwa Amurka ba. Shekara 22 na yi ina ɗaukar bindiga, kuma an harbe ni na harba. Ɗana Direba, akwai abin da ba ka sani ba sai ranar da ya same ka. Harbin allo a filin atisaye daban, harbin mutumin da ke harbinka daban. Hannu yana rawa, kunne yana toshewa, ido ba ya ganin gefe, sai abin da ke gabanka kawai. Na ga ƙato wanda ya fi kowa iya saiti a bariki ya manta yadda ake cire makullin bindigarsa. An taɓa bin diddigin 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, aka samu cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda suka nufa. Sauran 82 ina suke zuwa? A titi sai su sami bango ko mota. A barandar makaranta kuwa, yara ne ke gudu ta ko'ina.

Sannan ina tambaya, Malam, awa nawa za su horar da kai? Don na ji a jiharka Direba, a 2022 Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta rage horon daga sama da awa 700 zuwa awa 24. Awa 24 kwana uku ne na aiki. Kurtu ma wata shida yake yi a Zariya kafin a kira shi soja, kuma ko bayan nan ba a sake shi shi kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin Lissafi (Texas):
Na gode Baba. A nan tsari biyu ne. Akwai wanda jiha ke kula da shi, ana yin awa 80 tare da gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wanda gunduma ke tsara wa kanta, horonsa bai kai haka ba. Namu na biyun ne.

Direban Tirela (Ohio):
Baba ina girmama maganarka, kuma ni ma awa 24 ɗin nan ba ta kwanta mini ba. Amma maganin ƙarancin horo ai ƙarin horo ne. Florida awa 144 suke yi. A yi irin nasu mana.

Autar Zaure (Maryland):
Ku gafarce ni iyayena, ni ce ƙarama a nan, Hausar tawa ma sai a hankali. A nan aka haife ni. Tun ina 'yar shekara biyar ake koya mana ɓuya: a kashe fitila, a kulle ƙofa, mu taru a lungu mu yi shiru. Har yau in na shiga ɗaki sai na duba ina zan ɓuya. Abin da nake so in ce shi ne, kuna magana kamar maharin wani baƙo ne zai zo daga waje. Sau da yawa ɗan makarantar ne. Na makarantar Columbine a 1999 ɗalibai ne 'yan ajin ƙarshe. Na Oxford a Michigan shekararsa 15. Na Apalachee a Georgia shekararsa 14. Na Parkland a Florida tsohon ɗalibi ne. Kawu Malam, idan ƙofa ta buɗe ka ga yaron da ka koya wa lissafi jiya, wanda ka san mahaifiyarsa, za ka iya danna kunamar? Don in ka tsaya tunani na daƙiƙa biyu, to yanzu bindigogi biyu ke hannunsa.

Malamin Lissafi (Texas):
Wallahi 'yata, wannan tambayar ce ta hana ni barci, ban dai iya furta ta ba. Ɗalibaina duka ba su kai 90 ba. Babu wanda ban san gidansu ba.

Kawu na Bronx:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Malam, ni tsoho ne, shekara 34 ke nan da na baro Kumasi, don haka bari in faɗa maka abin da kowa ke kewayewa. Kai baƙar fata ne, kana da gemu, sunanka na Musulmi ne. Ranar da abin zai faru, Allah ya kiyaye, 'yan sandan da za su zo daga gari uku ko huɗu ba su san fuskarka ba. An ce musu akwai mai harbi a makaranta. Sun shigo sun ga baƙin mutum da bindiga a hannu a baranda. Me kake zaton za su yi? Ka tuna Philando Castile. A ɗakin cin abincin wata makaranta a Minnesota yake aiki, yara suna sonsa, yana da lasisin riƙe bindiga. A 2016 ɗan sanda ya tsayar da shi a mota, ya faɗa masa da bakinsa cewa yana ɗauke da makami, aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Kotu ta sallami ɗan sandan. Lasisin yana aljihunsa lokacin da ya cika. Ka sa wannan a ma'auni, ɗana.

Direban Tirela (Ohio):
Kawu wannan kam gaskiya ce mai ɗaci, ba ni da ta cewa a kai. Ni kaina in an tsayar da ni a hanya hannuna ba ya barin sitiyari. Amma fa in muka ce baƙar fata kada ya riƙe abin da doka ta ba shi saboda tsoro, mun miƙa haƙƙinmu ke nan da hannunmu.

Maman Biyu (Gusau):
Ina ta binku ina hawaye. Ku a can kuna gardamar ko malami ya riƙe bindiga, mu a nan da dare ake zuwa a kwashe makaranta sukutum. 'Yan mata 279 aka kora daji daga Jangebe a 2021. Kafin nan Ƙanƙara, yara maza sama da 300. Chibok 276. Kuriga a 2024. Wallahi akwai daren da nake cewa da ma kowane malami na da bindiga. A 2022 gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, mutane da yawa sun yi murna, don wanda aka kashe yana kare iyalinsa shahidi ne. Ni ban san Amurka ba, amma na san zafin a ce babu mai zuwa ceto. Malam, kada ka raina wannan minti 25 ɗin.

Tsohon Soja (Kaduna):
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, 'yata. Amma kada mu haɗa cuta biyu mu ba su magani ɗaya. Namu, mutum ɗari ne ko fiye a kan babura, da AK-47, sun zo neman kuɗin fansa. Malami uku da bindigar toka ba za su tare su ba, sai dai a fara da su, a ƙara da makamansu. Wannan aikin runduna ne da bayanan sirri da katanga da kuma daina ajiye yara a makarantar kwana a bakin daji. Kuma mun ga yadda ta kaya da 'yan sa-kai: an fara da kare kai, aka ƙare da ramuwar gayya, wutar ta ƙara ruruwa. Nasu kuwa yaro ɗaya ne, galibi ɗan gida, wanda sau da yawa bai ma shirya fita da rai ba. Wanda ya zo neman mutuwa, bindigar malami ba ta firgita shi. Columbine akwai ɗan sanda mai makami, har ya yi musayar wuta da su. Parkland akwai, ya tsaya a waje mutum 17 suka mutu.

Direban Tirela (Ohio):
Apalachee kuma 'yan sandan makarantar ne suka tare yaron cikin mintuna ya miƙa wuya. A faɗi wannan ma, Baba.

Tsohon Soja (Kaduna):
Na yarda. 'Yan sanda ka ce. Mutumin da ba shi da wani aiki sai wannan, yana cikin kaki kowa ya san shi. Ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne mutum ya riƙe alli a dama, hankalinsa na kan allo, yara 25 a bayansa, ga bindiga a ƙugu.

Ɗalibar Shari'a (Virginia):
Bari in ɗan taɓa ɓangaren doka, don na ga 'yan gida suna tambaya a gefe me ya sa ba za a hana bindigar kawai a huta ba. Birtaniya ta yi haka: bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, shekara ta gaba aka haramta wa jama'a mallakar ƙananan bindigogi. Ostireliya ma tsakanin 1996 da 1997 ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun mutane ta lalata, bayan kisan Port Arthur. A Amurka abin ba ya yiwuwa haka, saboda gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi tun 1791, ya ba jama'a 'yancin mallaka da ɗaukar makami. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce wannan haƙƙin kowane mutum ne a karan kansa, ba sai yana cikin wata runduna ba. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Ga kuma yawan: an ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a 2017, sun fi mutanen ƙasar yawa. Don haka Yaya Direba yana da gaskiya cewa haƙƙi ne.

Sai dai ita shari'ar Heller ɗin da kanta ta ce ana iya hana shiga da makami wurare irin su makarantu da gine-ginen gwamnati, kuma akwai abubuwa da yawa da doka ba ta hana jihohi yi ba. Bayan Parkland, Florida, wadda ba a san ta da ƙin bindiga ba, ta ɗaga shekarun sayen doguwar bindiga zuwa 21, ta kuma ba alƙali ikon karɓe makamin wanda aka ga alamar zai cutar da kansa ko wasu. Maharin Uvalde kwanaki kaɗan bayan ya cika 18 ya shiga shago ya sayi bindigoginsa bisa doka. Iyayen yaran sun yi ta zarya majalisar Texas suna roƙon a ɗaga shekarun zuwa 21, ba a yi ba. Abin da aka yi shi ne dokar da ta kawo wannan magana gaban Malam. Abin da ke ci mini rai ke nan. Tun bayan harin makarantar Sandy Hook a 2012, inda aka kashe yara 20 da manya shida, Wayne LaPierre na NRA, ƙungiyar masu kare 'yancin mallakar bindiga, ya fito ya ce babu abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. Daga nan aka juya akalar maganar, aka bar tambayar yadda yaro ya samu makami, aka koma tambayar wane malami ne zai tare shi.

Anti Nas (Tennessee):
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. A nan bayan harin makarantar Covenant a Nashville a 2023, yara uku 'yan shekara tara da manya uku, iyaye mata suka cika majalisa suna kuka. A 2024 aka ba su amsa da dokar da ta yarda malami ya riƙe bindiga bayan horon awa 40, kuma ba za a faɗa wa iyaye wane malami ne ba. Ni uwa, ba ni da ikon sanin ko akwai makami a ajin 'yata.

Kuma ni a sashen gaggawa nake aiki, don haka bari in faɗi abin da idona ke gani. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. Amma ba a makaranta mafi yawansu ke mutuwa ba. A gida ne, a unguwa ne, yaro ya ga ta babansa a aljihun gado. Ko masu kai hari makaranta ma, mafi yawansu daga gidan iyaye ko dangi suke ɗauko ta. A Newport News a 2023 yaro ɗan shekara shida ya zo da bindigar mahaifiyarsa ya harbi malamarsa. Na Oxford, iyayensa ne suka saya masa kwana huɗu kafin nan, kuma a ranar harin aka kira su makaranta aka nuna musu zanen da ya yi, suka ƙi tafiya da shi gida. A 2024 kotu ta ɗaure su biyun shekara 10 zuwa 15. Ɗan'uwa Direba, tsakani da Allah, in ka yi tafiyar mako guda a hanya, ina taka take kwana?

Direban Tirela (Ohio):
Ɗaya tana tare da ni. Ta gida tana saman kabad a ɗakinmu, don matata ta iya kaiwa gare ta da dare. Yarana sun san ba a taɓawa.

Anti Nas (Tennessee):
Duk uwar da na taɓa riƙewa a barandar asibiti haka ta ce mini, sun san ba a taɓawa. Don girman Allah ka sayi akwatin ƙarfe mai buɗewa da yatsa. Daƙiƙa biyu ne ya buɗe.

Kawu na Bronx:
Ka ji maganar 'yar'uwarka, ɗana. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiya ya riƙe tsininta kada ya ji wa wani rauni. Ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Malam, kai kuma ka yi istihara kafin ka ba su amsa.

Direban Tirela (Ohio):
Akwatin zan saya, in sha Allahu, wannan ba abin gardama ba ne. Amma ban sauka daga ra'ayina ba. Akwatina ba zai kulle bindigar maƙwabcin Malam ba. Miliyan 393 ɗin nan suna nan, ba gobe za su ɓace ba, kuma minti 25 ɗin ma tana nan.

Malamin Lissafi (Texas):
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi istihara kamar yadda Kawu ya ce, yau kuma na koma wurin shugaban makaranta da tambayoyi. Na ce in na yi harbi na sami yaro bisa kuskure, wa zai tsaya mini a kotu? Ya ce zai tambayi lauyan gunduma. Na ce ta yaya 'yan sandan da za su zo za su bambanta ni da maharin? Ya ce akwai wata riga mai alama da ake sawa. Na ce a ina zan ajiye ta, kuma yaushe zan sa? Ya yi shiru. Daga nan na gaya masa ba zan iya ba, kuma ban ɓoye masa dalili ba: ba zan iya harbin yaron da na koyar ba, wanda kuwa ya san haka game da kansa bai kamata ya karɓi makami ba.

Amma na roƙe shi abu biyu. Ƙofar ajina sai an fita baranda ake kulle ta da mabuɗi daga waje. A Uvalde an daɗe da sanin makullin ɗaya daga cikin azuzuwan nan biyu yana da matsala. Na ce a canza mana zuwa wanda ake kullewa daga ciki. Na biyu, akwai jakar kayan tsayar da jini a rataye kusa da ofis, doka ta sa a ajiye, amma rabinmu ba mu taɓa buɗe ta ba. Na ce a sa sunana farko a horon wannan. Anti, zan neme ki ki ƙara mini bayani a kan ɗaure hannu ko ƙafa in jini ya ɓalle.

Anti Nas (Tennessee):
Da yardar Allah. Ka kira ni ranar Asabar bayan la'asar, ina hutu.

Direban Tirela (Ohio):
Allah ya sa haka ne mafi alheri, Malam, ban ga laifinka ba. Amma doka ta ce dole a samu wani. To wa zai riƙe a madadinka?

Malamin Lissafi (Texas):
Na tambaya. Ya ce mutum biyu sun riga sun amsa, amma ba zai iya faɗa mini sunayensu ba tunda ba na cikin tsarin. Ɗana malamai shida ke shiga ajinsu a rana. Tun da na fito daga ofishin nake bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya a raina.